Masu Tarihi da Masu Aljanu

Tambayar "me kake karantawa kwanan nan?" ta yi kama da gaisuwa, amma ba gaisuwa ba ce. Gaisuwa tana da iyaka: ina wuni, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa in ka kuskura ka jefa ta inda masu karatu uku ko huɗu suke zaune, to ka yi sallama da sauran harkokinka na yammacin nan. Abin ya fi ƙamari in aka yi rashin sa'a ga masu son littafin tarihi a gefe guda, ga kuma masu son almara a ɗaya gefen, wato littattafan aljanu da matsafa da takubba masu suna. Ɓangarorin nan biyu sun daɗe suna yi wa juna kallon hadarin kaji. Masu tarihi na cewa waɗancan yara ne da gemu. Masu almara na cewa waɗannan masu gadin maƙabarta ne. Amma duk wanda ya zauna da su a bakin shagon littattafai, ko ɗakin malamai, ko kan bencin mai shayi, zai ga abin da su ba su gani ba: kowane ɓangare aikin abokin gabarsa yake yi. Mai tarihi jarumi yake nema da abin al'ajabi, musamman in jarumin kakansa ne. Mai almara kuwa shi zai tsare ka da taswira da lissafin shekaru har sai ka ce ka tuba.

Wanda ya fi saurin bayyana kansa shi ne Mai Shekara. Shi ba ya fara labari, jira yake wani ya fara. Da ka gyara zama ka ce, "Lokacin da aka ci Alƙalawa a 1804," shi ke nan, ba za ka kai aya ba. "A'a Malam, dakata. A 1804 hijira aka yi daga Degel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu. Tabkin Kwatto sai watan Yuni. Alƙalawa kuwa ba ta faɗi ba sai 1808, kuma Muhammadu Bello ne ya ja rundunar." Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ka haɗiye, ka gode masa, ka ci gaba, sai ya sake ɗaga yatsa: ai hijirar nan a lissafinmu 1218 ce, in za a faɗi abu a faɗe shi cikakke. Kafin ya gama gyare-gyarensa masu sauraro sun manta wa ke yaƙi da wa. To gwada tambayarsa dalili. Ka ce, "Malam, me ya ɓata tsakanin Yunfa da jama'ar Shehu har aka kai ga haka? Me ya faru a Gimbana? Talakan da ya bar gonarsa ya bi tuta, me yake gudu, me yake nema?" Sai ka ga ya dubi agogo. "Wannan dogon zance ne," in ji shi, ya miƙe wai zai yi alwala.

Sai mai buɗe littafi ta baya. Ba sabo da ajami ne ya jawo masa ba. Jerin sunayen nan na ƙarshen littafi yake nema, ya ga ko an ambaci garinsu. In an ambata a wuri goma sha biyu, marubucin masani ne. In sau ɗaya ne, yana da son kai. In babu ko kaɗan, a mayar wa mai shago kayansa. Ba wa Bakano irin wannan littafin Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ka koma gefe ka sha kallo. Inda Barth ya yaba wa saƙa da rinin Kano, ya ce tufafinta na kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, sai mutuminka ya buga cinya: "Ka ji Bature mai tsoron Allah!" Da an zo inda ya ƙiyasta mazauna birnin a 30,000, sai fuska ta canja. "Ai zazzaɓi ke cinsa a lokacin, daga kan gado ya yi ƙidayar. Kurmi kaɗai tana tara fiye da haka kafin azahar." Barth ɗin ma ya ce a lokacin fatauci adadin kan ninka, amma mutuminka bai kai wannan layin ba, ya riga ya rufe littafin da fushi.

Ciwon nan ba na Kanawa kaɗai ba ne. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, akwai wasiƙun da aka yi ta musaya da Shehu Laminu na Borno kan halaccin yaƙar ƙasar da mutanenta ke salla. Muhawara ce ta malamai, kowa ya san abin da yake faɗi. To haɗa Bafulatani da Babarbare a benci ɗaya ka ba su littafin. Babarbaren ya haddace tambayoyin Shehu Laminu, bai taɓa juya shafi ya ga amsa ba. Bafulatanin ya haddace amsoshin Bello, in ka ce masa amsar wace tambaya ce wannan, sai ya ce tambayar ba ta da muhimmanci. Da yake abokan wasa ne, daga wasiƙu ake gangarowa zuwa wane ne ubangidan wane, a tashi ana dariya, kowa ya tafi da shafinsa. Wanda ke sa majalisa ta yi tsit shi ne baƙon da ya zo daga Maraɗi. Zai zauna shiru yana jin yadda ake kiran su Ɗan Baskore mahara, sai an gama sannan ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, mu a can abin da aka gaya mana, gidan ubansu suke nema su koma." Zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya kora ce ta zauna Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar a can. Nan za ka ji masu tarihi na ta gyaran murya.

Akwai kuma Alhajin da kirarinsa ɗaya ne: "Ni ba na karanta ƙarya." In ya ga yaro da littafi mai hoton dodo a bango sai ya girgiza kai, ya yi ta jimamin lalacewar zamani. Ba a jima ba zai gaya maka, fuska ba wasa, cewa wani barden garinsu ya sare kai dubu tsakanin hantsi da azahar, kibiya in ta zo jikinsa ruwa take zama, da aka rutsa da shi kuma bango ya dafa ya ɓace. Wannan tarihi ne, domin kakan kakansa ya gani da ido. In ka ce masa ai abin da ke cikin littafin yaron ke nan, sai ya ce bambancin a fili yake, na yaron da hoto aka buga shi. Ibn Khaldun tun a 1377 ya yi kuka da irin wannan a cikin Muƙaddima, inda ya soki masu tarihi da kwasar adadin mayaƙa da dukiya yadda suka ji, ba tare da sun auna shi da faɗin ƙasa ko abin da za ta iya ciyarwa ba. Alhaji ya san sunan Ibn Khaldun, yana ma ambatonsa da girmamawa. Shafin ne dai bai kai ba.

Tun da fim ɗin Ertugrul na Turkiyya ya shigo gari, Alhaji ya sami sabon malami. Kashi 150 aka yi tsakanin 2014 da 2019, ya kalle su tas, wasu har da maimai, kuma yanzu su ne madogararsa kan Daular Usmaniyya. Abin da masana suka tabbatar game da mutumin nan bai cika shafi ba: shi ne mahaifin Usman wanda daular ta ci sunansa, ya rayu a ƙarni na 13, sauran kuwa ruwayoyi ne da aka rubuta fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa. Alhaji kuwa ya san abin da ya ce wa matarsa a cikin tanti daren da zai fita yaƙi.

A ɗaya gefen, na farko da za ka ji muryarsa tun daga nesa shi ne mai littafin yaƙi. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Gusau a zamanin da shagunan hayar littafi ke ci ya san shi. Shi ne almajirin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu littattafan sadaukai da bokaye da aljanu, 'yan sirara, na ɗaya da na biyu da na uku da na huɗu, kowanne ya tsaya daidai inda aka ɗaga takobi bai sauka ba. Wannan mutum ba ya iya ba da labari a zaune. Kafin sadaukin ya zare takobi shi ya miƙe, kafin a gwabza ya ture kofin shayin wani. Ma'auninsa na littafi ɗaya ne, mutum nawa suka mutu. Ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Washegari zai dawo maka da shi ya ce, "Yaya, ba laifi, amma ba a yi komai ba a ciki."

Sai dai kada ka raina masa hankali, don yana da ƙa'idar da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. In marubuci ya ce a littafi na ɗaya tsafin boka ba ya ci a kan ruwa, sannan a na uku ya ci a tsakiyar teku, mutumin nan ba zai yafe ba. "Ƙarya ne! Ba haka aka faɗa a baya ba!" Har shafin zai buɗe maka. Ya yarda aljani ya yi tafiyar shekara arba'in cikin ƙiftawar ido, abin da bai yarda da shi ba shi ne a saɓa magana. Alhajin da ba ya karanta ƙarya bai taɓa bin ruwayar kakansa da rabin wannan binciken ba.

Yayan mai littafin yaƙi a boko shi ne Mai Taswira, wanda Tolkien ya kama. The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, mujalladi uku, kuma a ƙarshen na ukun akwai dogon rataye na jerin sarakuna da shekarunsu da kalanda da bayanin harsunan da marubucin ya ƙirƙira da kansa, da yake shi malamin harsuna ne a Oxford. Yawancin mutane tsallake ratayen nan suke yi. Mai Taswira daga nan yake farawa. Ya san sarakunan Gondor da waɗanda suka riƙe ƙasar bayan sarauta ta yanke, ya san kwana nawa ake yi daga wannan kogi zuwa wancan dutse, ya san duk inda fim ya saɓa wa littafi, kuma har yau bai huce ba. Tambaye shi sarakunan Kano nawa ne daga Bagauda zuwa Alwali, sai ya yi murmushi ya ce shi bai cika son tarihi ba, haddar ta yi yawa. ("43 ne," in ji Mai Shekara daga can gefe, ba wanda ya tambaye shi.) Yana kuma da wata hujja da ya ɓoye don ranar da aka ce masa bawan littafin Turawa: ai a Afirka ta Kudu aka haifi Tolkien a 1892, saboda haka ɗan gida ne.

Inda yake jawo wa kansa shi ne in ya tashi yabon labarin Bayajidda, kuma da zuciya ɗaya yake yi. Ya ce ku dubi tsari don Allah: ɗan sarki ya baro Bagadaza, ya bi ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ga rijiya, ga macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya kashe shi, ya auri sarauniya. Ya ce ko Tolkien iyakar abin da zai tsara ke nan. Bai san da mutumin Daura a wurin ba. Sai a shiga ba da haƙuri, shi yana rantsuwa yabo yake yi, mutumin Daura yana cewa rijiyar Kusugu tana nan inda take, mai musu ya zo ya sha ruwanta. In akwai malamin jami'a a kusa, zai so ya raba gardama, ya kawo maƙalar Abdullahi Smith ta 1970 mai cewa daulolin Hausa sun tsiro ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ba daga baƙo ɗaya mai doki ba. Nan take mutanen biyu za su haɗe masa kai, don duk ya ɓata musu labari.

Mafi ban tausayi a cikinsu shi ne Mai Jira. George R. R. Martin ya fitar da A Game of Thrones a 1996, ya fitar da littafi na biyar a jerin a 2011, ya ce saura biyu. Bawan Allahn nan ya karanta na biyar yana saurayi. Ya yi aure, ya yi suna, ya kai yara makaranta, fim ɗin da aka yi daga littattafan ya ƙare a 2019, na shida bai fito ba. Ba shi da kowa a Amurka, amma akwai dattijo guda a can, haifaffen 1948, da yake bibiyar lafiyarsa fiye da ta kawunsa. In ya ji an ce an ga Martin a wani taro sai ransa ya ɓaci: "Me ya kai shi? Ya zauna ya yi rubutu mana!" Tsoron nasa yana da tushe, don ya ga abin da ya sami mabiya Robert Jordan, wanda ya rasu a 2007 ya bar littafi goma sha ɗaya a ƙasa labari bai ƙare ba, sai da Brandon Sanderson ya zo ya ƙarasa da wasu uku.

Ba a rasa dattijo mai tarihi da zai tausaya masa. "Ɗana, in rikicin gidan sarauta kake so, me ya kai ka jiran Ba'amurke? Shi ma daga yaƙin gidan York da gidan Lancaster na Ingila ya ɗebo. Ga Basasar Kano nan, an gama ta tun 1895." Sai ya fara zayyana masa. Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka bi Yusufu suka fice zuwa Takai, ƙasa ta rabu Tukurawa da Yusufawa, jini ɗaya yana harbin juna. Idon Mai Jira ya buɗe. Ya ari littafi, aka daina ganinsa. Da ya dawo jiki na rawa, ya ce ya kai inda Yusufu ya kwanta ciwo, sai Mai Shekara ya ce, "Ai rasuwa zai yi. Alu ne zai shiga Kano a 1894." Mutumin ya dafe kai. "Haba Baba! Ka ɓata min!" Aka ce masa abin nan ya shekara ɗari da ɗoriya, kuma sunan Alu na cikin jerin sarakunan da kowane Bakano ya tashi yana ji. Ya ce shi dai da an bar shi ya gani da kansa.

Tsohon hedimasta ma yana nan da sandarsa, kuma a wurinsa an rufe ƙofar rubutu tun ranar da Abubakar Imam ya ajiye alƙalami. Duk littafin da ka ambata amsarsa ɗaya: "Ya kai Magana Jari Ce?" Ba ka isa ka ce ya kai ba, kuma a gaskiya da wuya ya kai ɗin. Zai ba ka labarin gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, wadda a dalilinta aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, da muryar wanda aka yi abin a gabansa. Abin da ba ya so a taɓo shi ne inda labaran suka fito. Yana zagin yaran yanzu da kwaikwayon baƙi, alhali Imam ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya ɗinka musu riga da wando na Hausa, kuma ɗinkin nan shi ne gwanintar tasa. In kana son ganin hawan jini a fili, ce masa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Ilya Muromets, Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuma shi ne Kiev da ake ta jin sunansa a labaran rediyo. "Iliya? Iliyan da na koyar shekara da shekaru? Bature?" Zai ɗauki sandarsa, ba don ya tafi ba, don ka matsa.

Amma a jakar hedimasta akwai littafi ɗaya da ya isa ya kashe gardamar gaba ɗaya, da masu gardamar na son a kashe ta. Ganɗoki na Bello Kagara da tarihi ya fara: Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, zuwan Turawa da faɗan da aka yi da su. Sunayen na gaske ne, garuruwan suna nan. Sai kawai jarumin ya nufi gabas, kafin ka ankara ga shi can yana sara a tsakiyar aljanu, shi da ɗansa Garba Gagare. Masu tarihi na karanta rabin farko su ce daga baya marubucin ya lalace. Masu almara na haƙuri da rabin farko su ce daga baya ne ya warware. Mai shago ma bai san a wace kanta zai ajiye shi ba.

A ɗakin malamai ake samun wadda duk suke shakka. Malama ba ta da hayaniya. Tana gefe tana duba aikin yara da jan biro, sai an kai ƙololuwar yaƙi, dawaki dubu goma sun taso, ƙura ta rufe rana, sannan ta ɗago kai. "Malam, wa ya daka musu gero?" Shiru. "Dawakin nan dubu goma, a wace rijiya suka sha? Da mazan suka tafi wata huɗu, wa ya yi noman shekarar?" Tambayar nan tana kayar da littafin tarihi da na almara da bugu ɗaya, domin a cikin dukansu jarumai ba sa cin abinci sai a walimar nasara. Ita littafin da take bayarwa aro shi ne labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Babu sadauki a ciki. Akwai aure da kishiya da ƙawance da riƙon 'ya'ya, akwai kuma mahara. Mutanen Sarkin Sudan ɗin nan da ake wasawa a Ganɗoki, a bakin Baba su ne waɗanda ake kwana da tsoronsu, masu kwashe mata da yara, a bar dangi da haɗa kuɗin fansa. Malama takan jera littattafan biyu a kan tebur, ba ta ƙara komai, ta koma kan jan bironta.

In kuwa an taɓa amsa mata, ba daga masu tarihi amsar ta fito ba. Ta tambayi wa ke ciyar da rundunar Mordor ta littafin Tolkien, ƙasar da ake cewa toka ce da duwatsu. Mai Taswira ya miƙe tsaye, ya ce akwai gonaki a kudancin ƙasar, gefen tafkin Nurnen, bayi ke noma su, marubucin ya faɗa. Malama ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To, wannan dai ya yi aikin gida." Masu tarihi ba su ji daɗin wannan rana ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai aro, wanda littattafanka da ke ɗakinsa sun fi na ɗakinka yawa, in ka tambaya kuma ya ce ai yana wajen wani aminin da ya koma Legas. Akwai mai littafi dubu uku a cikin waya, bai wuce bangon ko ɗaya ba, amma duk sunan da ka ambata zai ce, "Ina da shi." Akwai wanda ya sayi Albidaya wan Nihaya ta Ibn Kasir cikakkiya ya jera a falo, tsinken da ya sa alama da shi yana mujalladi na farko tun auren fari. Akwai mai cewa "littafin ya fi fim" a kan littafin da fim ɗinsa kaɗai ya gani.

Wanda ya ɗan fi su nauyi shi ne mai cewa an ɓoye. Duk abin da ka karanta, ba shi ne ainihin ba. Ainihin tarihin yana wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a Landan, Turawa sun kulle. Gaskiya ne an kwashi takardu da kayan tarihi an fita da su, ba mai musun wannan. Amma ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna cike da rahotannin razdan da di'o, ga Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna, ga hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da rubuce-rubucen malaman jihadi, ga Gidan Makama a Kano. Ce masa ku je ranar Litinin, kai za ka biya kuɗin mota. Sai ya rage murya, ya dubi hagu da dama: "Ai waɗanda suka bari a nan, su ne waɗanda suke so ka gani."

Kowace majalisa kuma tana da nata marubucin. In aka tambaye shi me yake karantawa sai ya yi murmushin tausayi, don shi ya wuce karatu, rubutu yake. Tarihin garinsu yake haɗawa, kuma ya tsinci wani abu daga kowa. Wanda ya kafa garin daga gabas ya zo, wannan ba shakka, ko Yaman ko Misra, ana kan tantancewa. Ya tarar da aljana a gindin kuka suka ƙulla alkawari, shi ya sa har yau akwai wani kifi da 'yan garin ba sa ci. Garin bai taɓa shan kashi a yaƙi ba, sau ukun da aka ƙone shi janyewa aka yi da dabara. Akwai taswira, ɗansa ne ya zana, garin yana tsakiya da manyan baƙaƙe, Kano da Katsina suna gefe 'yan mitsi-mitsi. Barth bai ambaci garin ba, kuma babi guda cur zai yi bayanin dalilin wannan hassada. In ka tambaye shi tarihi ne ko almara, ransa zai ɓaci, ya ce ka jira ka gani. An riga an tsayar da ranar ƙaddamarwa, an kama zauren taro, an sami babban mai ƙaddamarwa da uban taro da mai sharhi, an buga kati har da hoton marubuci ya dafa haɓa. Babi na ɗaya kawai ake jira ya dawo daga wajen mai buga rubutu, shi kuma ya ce ba a kawo masa ba tukuna.